Cocin Ƙasa na Navrongo

Duk sanda na ji ana cewa ginin ƙasa alamar talauci ne, sai cocin Katolika na Navrongo ya faɗo mini a rai. Garin yana arewacin Gana, dab da iyakar Burkina Faso, a ƙasar Kasena da Nankani.

A 1906 ne limaman ƙungiyar White Fathers suka iso nan daga Wagadugu. Da ɗan ƙaramin ɗakin ibada suka fara. Da mabiya suka yi yawa, aka ɗora babban gini, aka kammala shi a 1920.

Fasalinsa na Turai ne: dogon zaure, ginshiƙai sahu biyu, ga hasumiya a gaba. Amma kayan aikin na gida ne. Bangon tubali ne da yaɓe, daɓen kuwa tsakuwa ce da kashin shanu da ruwan ɗorawa, kwatankwacin makubar da maginanmu suka sani.

Abin da ya fi burge ni shi ne adon ciki. A shekarun 1970 matan yankin suka zana bangon da ja da baƙi da fari, yadda suke ƙawata gidajensu, suka haɗa mala'iku da dabbobin ƙasarsu.

A 2006 Fafaroma Benedict na 16 ya ba cocin matsayin basilika. Sai dai ba muƙami ke tare ruwan damina ba. Gyaran yaɓe ne ya riƙe ginin fiye da shekara 100. Ranar da aka rasa masu wannan sana'a, siminti ba zai maye gurbinsu ba.