Asalin Tutar Sarki a Ƙasar Rano

Tun kafin a san tuta a ƙasar Rano, sarkinta yana da suna da ya ishe shi shaida: Autan Bawo. Dattawa sun ce Bawo ɗan Bayajidda ya haifi 'ya'ya maza shida, suka watsu neman wurin zama. Bagauda ya nufi Kano, Kumayau Katsina, Gunguma Zazzau, shi kuwa Zamnakogi ya gangaro kudu har ya yada zango a gindin duwatsun Rano. Da aka raba aiki tsakanin 'yan'uwa, Gobir ta sami yaƙi, Katsina da Daura kasuwa, Rano da Kano suka zama sarakunan baba. Ba ƙaramin rabo ba ne wannan, domin rinin ƙasar nan har hamada ya kai.

A wancan zamani kunne ne ke fara sanin sarki ya fito, kafin ido. In aka ji tambari ya yi gunji daga fada, manomi a gona ya san akwai magana. Daga baya Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da kakaki da figini, alfarma ta ƙaru.

Tuta kuwa da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ta samu darajarta. Malami zai yi tattaki zuwa wurin Shehu, a yi masa addu'a, a ɗanka masa ƙyalle ɗaure a sanda, ya juyo gida da izinin jagoranci. Wasu sun ce tutoci goma sha biyu aka raba, wasu sun ce sha huɗu. Ta Kano ma an saɓa: akwai masu cewa Malam Ɗanzabuwa ya ɗauko ta, akwai masu cewa Malam Sulaimanu aka ba. Abin da hankali ya fi kwanciya da shi, ɗaya ya ɗauko, ɗaya ya riƙe, tun da Sulaimanu ne ya zama sarki. A kudancin nan, a Burumburum, aka ƙarasa da Sarkin Kano Alwali, Rano ta shiga inuwar tutar Kano.

A ƙarƙashin wannan inuwa mahayan Rano da Kibiya suka yi ta zuwa hawan Salla birnin Kano, har Sarki Alhaji Ado Bayero, da ya hau a 1963, ya cika shekara 50 a 2013. 

An ɗaga Rano ta zama masarauta a 2019, aka rushe a 2024, aka kuma maido ta mai daraja ta biyu, da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta. Abin takaici ne a riƙa jujjuya gidan Autan Bawo haka cikin shekara biyar.