Yadda tumaki suka zaɓa wa mata maganin tiyatar haihuwa

Yau ɗakin tiyata za mu leƙa, wajen matar da za a ciro wa jariri.

Kun san allurar nan ta gadon baya, wadda ke kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙafa, mace tana ji tana gani ana yi mata aiki? Wani likita Bajamushe, August Bier, shi ya fara yin tiyata da ita a garin Kiel a 1898. Matsalarta ita ce tana sa jijiyoyin jini su saki, cikin 'yan mintuna jinin mace ya faɗi, ga jiri ga amai. In kuma jinin uwa ya faɗi, wanda ke isa wurin jariri ma raguwa yake. Dole a ba ta maganin da zai matse jijiyoyin. To wanne?

A 1974, Sol Shnider da abokan aikinsa a San Francisco ta Amurka suka gwada magungunan a kan tumaki masu ciki. Waɗanda aikinsu matse jijiya zalla sai suka rage jinin da ke zuwa mahaifa, efedirin kuwa bai rage shi ba. Shi ke nan fa, kusan shekara 30 efedirin ne a hannun likitoci, ana ɗari-ɗari da fenilefirin.

Amma ai mace ba tunkiya ba ce. A 2002, Anna Lee da Warwick Ngan Kee da Tony Gin a Hong Kong suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mata, suka ga jinin cibiyar jariran da aka ba uwayensu efedirin ya fi yawan asid. Daga baya aka gano dalili: efedirin yana ratsa mabiyiya ya shiga jikin jariri, ya sa jikin aiki fiye da kima.

A 2018 masana daga ƙasashe daban-daban suka fitar da matsaya: fenilefirin ne kan gaba, a fara ba da shi tun kafin jinin ya faɗi, a riƙe shi a aƙalla kashi 90 cikin 100 na yadda yake kafin allura. Shi ma dai yana rage bugun zuciyar uwa, shi ya sa tun 2015 Ngan Kee ya fara gwada norefinefirin a madadinsa.