Daga Minjirya Zuwa Na'urar Kunne: Tarihin Maganin Ciwon Kai Da Lantarki

Duk wanda ya tashi a bakin ruwa a Nguru ko Gashuwa ya san minjirya. Kifi ce mai jiki luɓus, ba ɓawo, ga ɗigo-ɗigon baƙi, ga gashin baki irin na tarwaɗa. Ba ta da sauri, ba ta da ƙaya. Amma ranar da hannun yaro ya faɗa kanta a cikin koma ko a ramin gaɓa, ya daina wasa da ita ke nan. Wani abu zai fizge shi tun daga yatsa har kafaɗa, hannun ya mutu na ɗan lokaci, manya kuwa suna gefe suna dariya domin su ma sun ɗanɗana.

Abin da ya fizge shi ɗin lantarki ne. Babbar minjirya tana iya sakin abin da ya kai volt 350, alhali wutar soket ɗin gidajenmu 230 ce, sai dai nata a ƙiftawar ido yake wucewa. Wato masuntan tafkin Nguru da na kogin Yobe sun san ɗanɗanon lantarki ɗaruruwan shekaru kafin a kafa turken waya ko ɗaya a ƙasar nan.

Abin da ya sa muka tuno da ita shi ne labarin da ake ta ji yanzu, na wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a kunne ta riƙa sakin lantarki kaɗan-kaɗan don rage ciwon kai. Wasunmu sun ɗauka ƙarya ce, wasu kuma sun ɗauka an gama da ciwon kai a duniya. Idan muka bi tarihin abin daga tushe, za mu ga inda gaskiyar ta tsaya, kuma za mu tarar da kifin nan namu a farkon labarin.

ZAMANIN KIFI

A Masar, a kabarin wani babban bafade mai suna Ti da ke Sakkara, akwai zanen masunta da aka sassaƙa fiye da shekara 4,000 da suka wuce, kuma cikin kifayen da aka zana har da minjirya. Larabawa sun kira ta ra'ad, mai girgizawa, daga tushen kalmar da Hausa ta aro ta ce aradu. Wajajen shekarar 1200 malamin likitanci Abdul-Laɗif al-Bagdadi, wanda ya zauna a Masar, ya bayyana yadda take girgiza duk wanda ya taɓa ta a kogin Nilu. Sun haɗa sunanta da tsawa tun ba a gano cewa walƙiya da bugun kifin abu ɗaya ne ba.

Rubutu na farko da aka sani kan yin maganin ciwon kai da irin wannan kifi daga Rum ya fito. Wajajen shekara ta 47 Miladiyya, wani likita a fadar Sarki Kalaudiyas mai suna Scribonius Largus ya tattara magunguna 271 a littafi guda. A ciki ya ce mai ciwon kai da ya ƙi jin magani, a ɗora masa kifin lantarki mai rai a daidai wurin ciwon har wurin ya yi sanyi ya daina ji, sannan a cire da sauri kada wurin ya mutu gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa a tanadi kifin fiye da ɗaya, domin na farko yana iya gajiya kafin aiki ya kammala. Nasa kifin na teku ne, mai faɗi kamar faifai, amma makaminsu ɗaya da minjirya. Bayansa Jalinus, likitan da malaman Larabawa suka yi ta karanta littattafansa, ya gwada da mataccen kifin bai ga komai ba, sai ya fahimci cewa maganin yana cikin bugun mai rai.

A ƙasarmu ma an yi. A shekarun 1850 Turawan mishan 'yan Sikotilan da ke Kalaba sun ba da labarin yadda mutanen wurin ke sa yaro marar lafiya cikin ruwan da aka saka 'yar'uwar minjirya. Daga Kalaba aka ɗauki wasu da ransu zuwa Turai, kuma a 1857 wasu suka isa birnin Balin na Jamus, hannun Emil du Bois-Reymond, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ilimin yadda lantarki ke gudana a jijiya.

Matsalar kifi ɗaya ce: ba shi da awo. Ba ka iya ce wa minjirya ta rage ko ta ƙara.

ZAMANIN BATIR

A 1800 wani Ba'italiye, Alessandro Volta, wanda daga sunansa aka samo kalmar volt, ya jera faya-fayan ƙarfe iri biyu da kwali mai ruwan gishiri a tsakaninsu, ya samar da batir na farko. Shi da kansa ya ce ya kwaikwayi gaɓar da kifin lantarki ke tara wutarsa ne. Cikin gwaje-gwajensa har ya zura ƙarafa biyu a kunnuwansa ya haɗa da batir. Ya ji an doke shi a ka, sannan ya ji ƙara kamar ta talge yana tafasa. Ya tsorata, bai sake ba.

Wajajen 1830 wani masanin sassan jiki a Jamus, Friedrich Arnold, ya bayyana wani siririn reshen jijiya da ke zuwa fatar kunne. Uwar reshen ita ce jijiyar da likitoci ke kira Vagus, ma'ana mai yawo, domin daga gindin ƙwaƙwalwa take saukowa ta wuya, ta ratsa maƙogwaro da zuciya da huhu har hanji. Idan muna da wani a gida da ke tari duk lokacin da ya sa gashin kaza yana sosa kunne, to wannan reshen ne yake taɓawa. Kunne ne kaɗai wurin da wannan babbar jijiya ta leƙo saman fata.

An daɗe kafin a ci moriyar wannan. A 1988 likitoci a Amurka suka fara dasa wa mai farfaɗiya 'yar na'ura a ƙirji, da waya da ke naɗe jijiyar a wuya, kuma a 1997 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince da ita. Sai wasu daga cikin waɗanda aka dasa wa suka riƙa cewa ciwon ɓarin kai da ke damunsu shi ma ya ragu. Amma wa zai yarda a tsaga masa wuya saboda ciwon kai? A shekarar 2000 aka kawo shawarar a bi ta kunne, ba tiyata. A 2002 wasu masana biyu a Jamus, Peuker da Filler, suka binciki kunnuwan gawarwaki suka nuna cewa ɗan kwarmin nan da ke saman ƙofar kunne wannan jijiya ce ke riƙe da shi. Nan ake ɗora bakin na'urar. Masana na ganin saƙon yana hawa zuwa gindin ƙwaƙwalwa, kusa da inda ake karɓar saƙon zafin kai, ya rage masa ƙarfi.

Gwajin da aka fi ambata an yi shi a Munich, aka buga sakamakonsa a 2015. Mutum 46 ne masu ciwon ɓarin kai mai naci, irin wanda ke kama mutum kwana 15 ko fiye a wata. Kowa ya riƙa sa na'urar awa 4 a rana har wata 3. Rabi ana buga musu lantarki sau 25 a daƙiƙa, rabi sau 1 kacal, kuma masu binciken sun zaci na farkon ne za su ji sauƙi. Sai abin ya juye. Masu sau 1 suka samu ragin kusan kwana 7 na ciwo a cikin kwana 28, masu sau 25 kuwa kwana 3 da 'yan kai. Wasu sun yi kukan zafi da ɗan miki a wurin. Mutum 46 ba su da yawa, shi ya sa har yanzu likitoci ke ɗaukar hanyar kunne a matsayin abin da ake kan gwadawa. Wadda ta samu amincewar hukumar Amurka don ciwon ɓarin kai a 2018 wata ce daban, mai suna gammaCore, da ake dannawa a wuya.

INA RUWANMU?

Mu ma muna da namu tarihin ciwon kai. Iyayenmu sun ɗaure kai da ɗankwali tamau, sun kira wanzami ya yi ƙaho a ƙeya ko ya yi 'yar tsaga a gefen goshi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro, kayan kanti suka riƙa shigowa, har ƙwayar Bature ta zama abin da ake saye a tebur. Dattawanmu suna tuna ƙwayar APC, tun kafin a yi jam'iyya mai irin sunan. Harafin tsakiya na nufin wani sinadari, fenasetin. A 1953 likitoci a Suwizalan suka lura cewa masu shan magungunan da ke ɗauke da shi kullum, musamman ma'aikatan masana'antar agogo, ƙodarsu na lalacewa. Sai da aka shekara 30 kafin Amurka ta hana shi a 1983.

Maganar ƙoda ba sai an yi wa ɗan Gashuwa bayani ba. Da wuya a samu unguwar da ba ta yi jinya ko ta'aziyyar wannan ciwo ba, kuma mun san iyalan da suka sayar da gona da dabba saboda wankin ƙoda. Masu bincike, har da na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, suna duba dalilai da dama, kamar ruwan sha da zafin rana da magungunan feshi. Abin da likitoci suka riga suka tabbatar shi ne, yawan shan irin su ibuprofen da diclofenac na wahalar da ƙoda, balle ga manomin da ya wuni a rana jikinsa ba ruwa. Sun kuma tabbatar cewa wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, wata da watanni, maganin da kansa yana iya zama abin da ke dawo masa da ciwon. Ke nan duk wata hanyar rage ciwo da ba ta bi ta ciki ba, mu ne ya kamata mu fi kowa sa mata ido.

Sai dai sa ido daban, rawar kai daban. Shekara kusan 2,000 tsakanin kifin Rum da na'urar Munich, abin da aka yi ta nema shi ne awo: wane wuri, wane ƙarfi, sau nawa, tsawon wane lokaci. Mun ga yadda ƙwararru ma suka yi zato ya ƙi ci. Don haka idan wani ya kafa lasifika a kasuwa da akwati mai fitilu yana cewa yana maganin ciwon kai da hawan jini da basir duka da wutar kunne, minjirya ce ya sa a kwali. Kada yaranmu masu gyaran waya su ce za su haɗa tasu da batir, mun ji yadda Volta ya kwashe. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji da mai juna biyu kada su kusanci irin wannan sai da izinin likita.

Kuma ba kowane ciwon kai ne na jira ba. Muna cikin yankin sanƙarau. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko wanda ya zo da mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki, a garzaya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko babban asibitin Gashuwa, ko da tsakar dare ne. Wanda kansa ke yawan ciwo kuwa, ya fara da auna jininsa, ya riƙa rubuta ranakun ciwon da adadin ƙwayar da ya sha, ya kai wa likita takardar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.