Shiga Kano da yara: inda za a ci, abin da za a ci da abin da za a kiyaye

 Hanyar Kano ba baƙuwa ba ce gare mu: daga Matameye sai Ɗan Barto, a ƙetare iyaka a Kwangwalam, a bi Daura da Kazaure a shiga birni. Wasu biki ke kai su, wasu sayayya a Kantin Kwari, wasu kuma ganin likita. Babba yana iya jure yunwa ko ya ci abin da ya samu. Yaro ƙarami kuwa kwano ɗaya na abincin da ya kwana ya isa ya mai da ziyara jinya. Shi ya sa muka haɗa wannan bayani domin iyaye su ajiye. Ƙa'idar guda ce: abin da aka dafa a gaban ido, aka ci da zafinsa, aka kora da ruwan da aka tabbatar da shi.

Guzuri daga gida

Tafiya da tsaye-tsayen iyaka tana iya cinye rabin yini, don haka a ɗauki abin da rana ba ta ɓata shi: dabino, ƙuli-ƙuli, alkaki, dakuwa, biredi, da rakenmu na gida ga yaran da suka yi wayo. Fura da nono da aka dama tun asuba ba ta kai azahar lafiya a cikin mota, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Gara a riƙe furar a dunƙule, a dama ta lokacin sha. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Wanda bai cika shekara 1 ba kada a ba shi zuma. Gyaɗa guda-guda da ƙwallon dabino na iya shaƙe ɗan ƙasa da shekara 5, sai a cire ƙwallon, a daka gyaɗar.

Wuraren cin abinci

Na farko shi ne gidan masauki. In akwai ɗan uwa a Fagge, Kurna ko Rijiyar Lemo, tukunyarsa ta fi kowace aminci. A kai musu ɗan gero ko wake, a roƙi uwargida ta ɗebar wa yara nasu kafin a zuba yaji.

Na biyu, masu tuya da masu shayi na bakin titi. Da safe koko da ƙosai ko masa, da hantsi ɗanwake ko awara, da dare shayi da biredi da ƙwai. Amfaninsu shi ne ana yi ana gani. A tsaya inda layi yake, don inda ake ciniki abinci ba ya jimawa a faranti. Gurasa, wadda unguwar Jakara ta yi suna a kanta, tana da laushi ga yara, amma a ce a rage barkonon da ke cikin ƙulin.

Na uku, rumfunan abinci na cikin kasuwa, kamar Kwari, Singa da Sabon Gari. Akwai tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake, taliya. Da rana tsaka cunkoso ya yi yawa, ga masu baro, ga 'yan dako. Ya fi kyau mutum ɗaya ya je ya sayo a kwano mai murfi, sauran su zauna da yara a inuwa.

Na huɗu, gidajen abinci na zamani, irin na titin Zoo Road, inda Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 yake, kusa da gidan namun daji na Audu Bako. Akwai kujeru, wurin wanke hannu da bayan gida, sai dai tsada. Faranti ɗaya na shinkafa da kaza yakan ishi yara biyu. Shinkafar dafa-duka tasu tana da yaji, a nemi fara.

Ruwa da abin sha

Yawancin gudawar tafiya daga ruwa take. A sayi na kwalba wanda murfinsa bai buɗe ba, ko piya wata mai lambar hukumar NAFDAC, a wanke bakin ledar kafin yaro ya sa a baki. Zoɓo, kunun aya da ƙanƙarar da ake ƙullawa a leda, tunda ba a ga ruwan da aka haɗa su da shi ba, a bar su, balle da damina lokacin da amai da gudawa ke yaɗuwa. Kankana da gwanda da aka yanka aka shanya wa ƙuda, haka nan. Ayaba da lemu da za a ɓare da hannu sun fi. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye. In ya wuce, a sake tafasa shi. Ɗan guntun sabulu a jaka ya fi ruwan kwanon da kowa ke tsoma hannu ciki.

Kuɗi da lokaci

Lissafinmu da nasu ba ɗaya ba ne. A nan in an ce ɗari, dala ɗari ake nufi, wato sefa 500. A Kano ɗari naira 100 ce, ba ninki. A canza kuɗi a iyaka ko a Wapa da ke Fagge, a riƙe ƙananan takardu, a kuma tambayi farashi kafin a zuba. Matambayi ba ya ɓata. Ranar Juma'a ciniki kan tsaya lokacin masallaci, cikin azumi kuma yawancin masu abinci ba sa fitowa da rana, don haka a tanadar wa yara nasu tun sahur.

In ciki ya ɓaci

Kafin a tashi a sayi sashe biyu na SRO, wanda a Najeriya ake kira ORS, da ƙwayar zinki. Ana narkar da sashen a tsabtataccen ruwa daidai yawan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita 1, a riƙa bai wa yaro kaɗan-kaɗan. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. Zinki kuma kullum ne har kwana 10 zuwa 14. A ci gaba da ba da nono da abinci. Amma in an ga jini a kashi, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, kada a jira dawowa gida. Asibitin yara na Hasiya Bayero da asibitin Murtala duk suna cikin birni. A tafi da katin rigakafin yaron.

Ku kuma 'yan uwa da ke ci-rani kuna aiko kuɗin mota, ku ƙara na ruwa da na sabulu, ku faɗa da baki cewa na yara ne. A rubuta lambar wayar mai masauki a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa lafiya.