Tarihin Haɗaɗɗiyar Roba da Neman Hanyar Sake Sarrafa Ta

Haɗaɗɗiyar roba ita ce robar da aka cakuɗa da zare ko gari domin ta yi ƙarfi ba tare da ta yi nauyi ba. Zaren ne ke ɗaukar lodi, robar kuma ta riƙe shi kada ya watse. A kasuwanninmu an fi sanin wadda aka yi da zaren gilashi, ita ake kira faiba. Da ita ake yin wasu tankunan ruwa da kwale-kwale masu inji da kwanon rufi mai shigar da haske. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga maginin da ke kwaɓa ƙasa da ramno don kada bango ya tsage.

A 1907 Leo Baekeland, ɗan Beljiyam mazaunin Amurka, ya ƙirƙiro Bakelite, robar farko da aka haɗa daga sinadarai zalla. Ita kaɗai tana saurin fashewa, sai aka riƙa zuba mata garin katako. Zaren gilashi ya shigo a shekarun 1930, aka kafa kamfanin Owens-Corning a 1938, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya buɗe masa kasuwa a jiragen sama. A shekarun 1960 masana a Japan da Ingila suka gyara hanyar yin zaren kabon, wanda ya fi na gilashi ƙarfi da tsada. Yau kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 haɗaɗɗiyar roba ce.

A duk wannan lokaci ba a cika tambayar inda kayan za su je idan sun tsufa ba. Roba iri biyu ce. Akwai mai narkewa, irin ta bokiti da buta da leda. Ita ce 'yan jari-bola ke saye a garuruwa irin su Talata Mafara, a loda ta zuwa Kano a niƙa, a narke, ta dawo silifa ko baho. Akwai kuma wadda in ta daskare shi ke nan, domin ƙwayoyinta sun sarƙe da juna. Ko an sa mata wuta ba ta narkewa, sai dai ta ƙone ta yi hayaƙi. Yawancin faiba daga wannan ajin take, shi ya sa fasasshen tankin faiba ba shi da mai saye.

Motar Trabant ce ta nuna girman matsalar a fili. Daga 1957 zuwa 1991 Jamus ta Gabas ta ƙera fiye da miliyan 3 a garin Zwickau, kuma da yake ƙarfe ya yi musu ƙaranci, sai suka yi jikin motar da tarkacen auduga da roba mara narkewa. Da Jamus ta haɗe a 1990, mutane suka watsar da ita suka koma motocin Yamma. Jikinta ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, ba ya narkewa. Wasu daga ciki sai niƙa su aka yi aka zuba a siminti. Masu tallar kaya da sunan an yi su da tsiro ba sa son tuna wannan labari, domin auduga ma tsiro ce, amma ba ta hana Trabant zama alaƙaƙai ba.

Doka ce ta tilasta canji. A 2000 Tarayyar Turai ta kafa ƙa'ida kan motocin da suka gama aiki, inda ta ce zuwa 2015 dole a iya sake amfani da kashi 85 cikin 100 na nauyin kowace mota. Kamfanoni suka ƙara karkata ga zaren tsirrai haɗe da roba mai narkewa, kuma a nan ne rama ta sami shiga. Ita ce dai ramar da ake kwaɗo da ganyenta, a tuƙa igiya da ɓawonta. Zarenta ya fi na gilashi sauƙin nauyi, ba ya cinye bakin inji, kuma in an ƙona shi ba ya barin gilashi a toka. Toyota ta sa allon rama a ƙofofin motar Celsior a 2000. A 2006 kamfanin NEC ya fitar da wayar hannu mai marfin rama da robar da aka yi daga sitacin tsiro, Ford kuma ta sa rama a ƙofofin motar Escape ta 2013.

Fukafukan injinan samar da lantarki daga iska sun fi wuyar sha'ani. Tsawon wasu ya haura mita 50, suna aiki shekara 20 zuwa 25. A 2020 hotunan ɗaruruwansu da ake binnewa a Casper ta jihar Wyoming suka zagaya duniya. Hanyoyin da ake da su a lokacin duk da asara: a niƙa su, ko a jefa su a tanderun siminti inda robar ke zama makamashi gilashin ya shiga cikin simintin, ko a gasa su ba tare da iska ba a ceto zaren da ƙarfinsa ya ragu. Gyaran gaskiya daga wajen robar ya zo. A 2011 Ludwik Leibler da abokan aikinsa a Paris suka bayyana wata roba mai taurin mara narkewa wadda zafi ke sassauta sarƙewarta a sake mata siffa. A 2021 kamfanin Siemens Gamesa ya fitar da fiffike wanda robarsa ke narkewa a ruwan asid mai ɗumi, zaren ya fito lafiya, aka kafa na farko a tashar lantarkin iska ta Kaskasi, cikin tekun Jamus, a 2022.

A Afirka ta Yamma hanya mafi arha aka bi, wato narka leda da yashi a buga tubalin daɓe, kamar yadda kamfanin Nelplast ke yi a Gana.

Yankin Bakolori kuwa yana da ɗanyen kayan da masana'antar haɗaɗɗiyar roba ke nema. An kammala madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Maradun a 1978, kuma ruwanta ke shayar da gonakin shinkafa na Talata Mafara da Bakura da Maradun. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shinkafar da ba a sheme ba buntu ne. Yakan taru tsibi a bayan injinan casa, a kwashi kaɗan don shimfiɗar kaji ko girki, saura a cinna masa wuta. Buntu yana da sinadarin silika da yawa, shi ya sa ba ya saurin ruɓewa kuma gara ba ta sonsa. A Turai da Asiya ana niƙa shi a haɗa da roba a yi allunan daɓe da shinge, irin na kamfanin Resysta na Jamus. Sharaɗin aikin biyu ne: a busar da buntun ko zaren rama sosai, domin suna shan danshi, sannan kada zafin injin ya wuce kimanin digiri 200, in ba haka ba sai su fara ƙonewa kafin robar ta kama su.