Yadda Muka Zama 'Yan Gidan Salaga

Jama'ar Sabo, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru da ɗana. Ya je neman takardar shaidar asali, ma'aikacin ya dubi sunan gidanmu, Salaga, ya ce masa, "Ai ku mutanen Ghana ne." Yaro ya dawo ransa a ɓace yana tambayata, ni kuwa na rasa amsar kirki. Sai na tafi wurin gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakanmu.

Ta ce, "Kai ma dai! Baba ai Ba'agale ne, a Bebeji ta ƙasar Kano aka yanke masa cibi." Agalawa dai su ne fataken da suka riƙe cinikin goron Gwanja, su da Tokarawa da Kambarin Barebari. Tun yana saurayi ya bi ayari yana kora jakuna, ana kai kanwa da tufafi da fatu, a juyo da goro, tafiyar watanni a ƙafa. Salaga ita ce babbar kasuwar goron a wancan zamani, a can ya yi shekaru a hannun wani maigida, har ya iya yarensu.

A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, fatake suka watse. Kakanmu bai koma gida ba. Ya gangara bakin teku, domin a lokacin goro ya fara bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, daga baya ya kai Kano wajen 1911, sai zamanin jaki ya wuce. Ga shi kuma Yarbawa sun kama noman goro irin wanda Arewa ke so. Shi ya kawo shi nan. Da farko a gidan wani Bayarabe ya sauka cikin gari, kamar sauran Hausawa, sai da aka yanka Sabo a 1916 ya samu fili ya yi gini.

To ina sunan ya fito? Gwaggo ta yi dariya, ta ce ba ya iya zance uku bai ce "lokacin da muke Salaga" ba. Masu sunansa kuma sun yi yawa a unguwa, sai aka riƙa cewa "na Salaga" don a bambanta. Da aka sa mahaifina boko aka ce sai suna biyu, malami ya rubuta abin da ya ji ana faɗa. Shi ke nan ya zauna.

Ba kanmu farau ba. Alhassan Ɗantata, wanda shi ma ɗan Bebeji ne Ba'agale, ya rasu a 1955, sunan Tata da ta raine shi ne ya bi zuriyarsa. Su Shagari da Tafawa Ɓalewa kuwa sunayen garuruwansu ne na gaskiya. Namu ne mai ruɗarwa, garin kasuwa ne, ba garin haihuwa ba.

Cikin gafakar Alƙur'anin kakanmu mun tarar da 'yar takardar ajami, ɗauke da sunan mahaifinsa da unguwarsu. Da ita na je Bebeji ni da yaron. Mai unguwa ya karanta, ya aika aka kira wani tsoho, wanda ya ce kakansa yana da ƙane da ya tafi Gwanja bai dawo ba, har sadakar arba'in an yi masa.