Idan Gilashin Mota Ya Maƙale: Yadda Ake Gano Matsalar Kafin a Kashe Kuɗi

Yawancin motocin da ke zirga-zirga a Unguwar Sanusi, a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, tsofaffi ne da aka shigo da su daga ƙasashen waje, waɗanda ake kira ’yan Beljiyam ko ’yan Kwatano. A zamanin Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri bayan fara aikinsa a 1975, da hannu ake murɗa gilashin yawancin motoci. A yau kuwa lantarki ke wannan aikin, kuma yana cikin abubuwan da ke fara gajiya idan mota ta kwana biyu.

Matsalar ta ƙara nauyi tun daga 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Direbobi da dama sun rage kunna na’urar sanyaya mota domin tattalin mai, suka koma dogaro da iskar taga. Faɗuwar darajar naira kuma ta ɗaga farashin kayan gyara. Gilashin da ya ƙi sauka a bazara azaba ne ga fasinja. Wanda ya ƙi hawa a damina ya buɗe ƙofa ga ruwan sama da ɓarawo.

Yadda abin ke aiki

Wuta tana tashi daga batir mai ƙarfin bolt 12, ta bi ta fiyus, ta isa makunnin da ke jikin ƙofa. Daga nan sai ta shiga wani ƙaramin injin lantarki da ke ɓoye cikin ƙofar, shi kuma ya juya na’urar da ke ɗaga gilashin. A wasu motoci na’urar hannayen ƙarfe ce masu siffar almakashi, a wasu kuma igiyar waya ce da ke naɗe a kan ’yar ƙarangarma ta roba. Gilashin kansa yana tafiya ne cikin kwararon roba da ke gefen taga. Duk inda aka samu cikas a wannan jeri, gilashi zai tsaya. Ƙa’idar bincike ita ce a fara daga mafi arha, a ƙare da mafi tsada.

Matakan bincike

Na farko, a duba maɓallin kulle tagogi da ke gefen direba. Idan an danna shi, tagogin fasinja ba za su amsa ba, alhali babu abin da ya lalace.

Na biyu, a gwada dukkan tagogi. Idan duk sun mutu lokaci guda, zargi ya fi ƙarfi a kan fiyus ko babban makunnin direba. Murfin akwatin fiyus yakan nuna wanda ke kula da tagogi. Idan ya ƙone, a sauya shi da mai lamba iri ɗaya. Naɗa waya ko takardar gwangwani a madadinsa ganganci ne da ke iya jawo gobara.

Na uku, idan taga ɗaya ce ta ƙi, a gwada ta daga makunninta, sannan daga na direba. Idan ta amsa wa ɗaya ta ƙi ɗaya, makunni ne ya ci ƙura ko ya gaji.

Na huɗu, a kasa kunne. Idan ana jin ƙugin inji amma gilashi bai motsa ba, ko ana jin ƙarar taunar ƙarfe, ko gilashin ya karkace ko ya faɗa cikin ƙofa, to igiyar waya ta tsinke ko maƙallan roba sun karye. Idan kuwa shiru ne, a kunna fitilar cikin mota a danna makunni. Dusashewar fitilar alama ce cewa wuta tana isa, injin ne ya cije. Idan ba ta dusashe ba, a duba wayoyin da ke cikin bututun roba tsakanin ƙofa da jikin mota, domin buɗewa da rufewa na shekaru yakan karya su.

Na biyar, idan gilashi yana tafiya da ƙyar, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta cika kwararon roba. A wanke shi, a fesa man silikon. Baƙin mai da giris suna lalata roba, suna kuma ƙara tara ƙura.

A wasu motocin da gilashinsu ke hawa da dannawa ɗaya, tsarin yakan rikice bayan an cire batir. Galibi ana daidaita shi ta hanyar ɗaga gilashin har ƙarshe, a ci gaba da riƙe makunnin na ’yan daƙiƙoƙi.

Agajin gaggawa

Idan gilashi ya tsaya a ƙasa, ana iya riƙe makunni a sama a bubbuga jikin ƙofar daga ciki da tafin hannu. Injin da ya gaji yakan farfaɗo na ɗan lokaci. Da zarar ya hau, kada a sake sauke shi sai an je gareji. Mai son buɗe cikin ƙofa da kansa ya fara cire kan batir, domin na’urar tana iya datse yatsa.

Kafin a biya kuɗi

Matsalar wuta aikin mai riwaya ce, ba na bakaniken inji ba. Kafin a amince da sauya inji, mai mota ya nemi a jona masa wuta kai tsaye daga batir a gabansa. Idan ya juya, lafiyarsa ƙalau, laifin na waya ne ko makunni. Mai sayen na hannu a wurare irin su Kasuwar Panteka ya tafi da tsohon domin a gwada daidai, tun da na dama da na hagu sun bambanta, sannan ya nemi a gwada shi da batir kafin kuɗi su bar aljihunsa.